Su waye Cherokee, kuma da gaske Turawa sun ƙarar da su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni bakanike ne, motar nan Jeep Cherokee na sha gyara ta, sai kwanaki wani kwastoma yake ce min wai sunan wata ƙabila ce ta Indiyawan daji da Turawa suka ƙarar a Amurka. Don Allah su waye mutanen nan, irin waɗanda muke gani a fim ɗin kaboyi ne masu gashin tsuntsu a ka? Kuma da gaske an kashe su duka? In haka ne laifin me suka yi?"

Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa, abin da kake son sani shi ne su waye, me ya same su, kuma suna nan ko sun shuɗe. Kwastoman naka rabin gaskiya ya faɗa maka. Eh sunan al'umma ne, kamfanin Jeep ya ɗauka ya manna wa motarsa tun 1974, amma mutanen suna nan daram da gwamnatinsu da kotunansu da asibitocinsu, har a 2021 shugabansu Chuck Hoskin Jr ya fito ya ce lokaci ya yi da kamfanin zai daina amfani da sunansu. Wanda ya ƙare ai ba ya kai ƙara. Ni tarihi nake koyarwa, kuma duk lokacin da muka zo wannan babin da ɗalibai sai in tarar hoton fim ɗin kaboyin nan ne ya cika musu kai, don haka daga nan zan fara da kai ma.

Masu tantin fata da dawakai da farautar ɓauna da kake gani a fim, mutanen filayen yamma ne irin su Lakota da Cheyenne da Comanche. Cherokee manoma ne na tsaunukan Appalachia a kudu maso gabas, inda yanzu ake kira yammacin Carolina ta Arewa, gabashin Tennessee, arewacin Jojiya, da wani yanki na Alabama da Carolina ta Kudu. Garuruwa suke da su a bakin koguna, gidajen itace da yaɓe, suna noma masara da wake da kabewa, maza na farautar barewa. Kowane gari na da babban zauren shawara da wuta ke ci a tsakiyarsa, kuma kowane gari gashin kansa yake ci, babu wani sarki ɗaya da ke juya kowa. Wannan ya sha ba Turawa haushi don su so suke su sami mutum ɗaya da zai dangwala hannu a takarda a ce kowa ya yarda. Harshensu ɗan'uwan na su Mohawk da Seneca ne da ke can arewa, suna kiran kansu Tsalagi, kuma wani tsohon gari mai suna Kituwah suke ɗauka a matsayin cibiyar da suka fito.

Gidan na mace ne

Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne tsarin danginsu. Dangi bakwai ne: na kyarkeci, na barewa, na tsuntsu, na jan shafi, na masu dogon gashi, na dankalin daji, da na shuɗi. Kuma ta wajen uwa ake bi, 'yan'uwanmu mazauna Kumasi da suka san tsarin Asante ba za su ji abin baƙo ba. Ɗa na dangin uwarsa ne, gida da gona na mace ne, miji ne ke tarewa a gidan matarsa, in zama ya ƙi daɗi ta fitar masa da kayansa bakin ƙofa shikenan aure ya mutu ya koma gidan uwarsa. Wanda ke tarbiyyar yaro ya hore shi kawunsa ne, ba ubansa ba. Ba a aure a cikin dangi ɗaya, kuma in an kashe mutum danginsa ne ke da hakkin ɗaukar fansa, sai a 1810 suka yi dokar da ta soke wannan. Mata na magana a zauren shawara, akwai ma wata sarauta ta mata wadda mai riƙe da ita ke iya hana a kashe fursunan yaƙi, kuma wadda ta fi shahara a kanta ita ce Nanyehi, da Turawa ke kira Nancy Ward, wadda ta yi jawabi a wajen ƙulla yarjejeniyar Hopewell tsakaninsu da Amurka a 1785. An ruwaito cewa wani shugabansu Attakullakulla da ya je zama da Turawan Carolina ya ga duk maza ne, sai ya tambaye su ina matanku?

Babban bikinsu na shekara shi ne na sabuwar masara. Ba a cin sabuwa sai an yi shi, a kashe tsohuwar wuta a hura sabuwa, a yafe wa juna laifuka in ban da kisan kai. Suna da al'adar zuwa kogi da asuba su fuskanci gabas su yi wankan tsarki, da kuma wani wasan ƙwallo da sanduna mai raga a baki, wasa ne mai zafi har suna masa kirari da ƙanin yaƙi, kuma har yau ana buga shi. A nan zan tsaya kan ibadunsu, don ni mai karatu ne daga waje, kuma akwai abubuwan da su kansu ba sa so a riƙa bazawa a kasuwa.

Turawan farko da suka ratsa yankin 'yan Sifen ne a ƙarƙashin Hernando de Soto a 1540, amma hulɗa ta gaske da Ingilishi aka yi ta, ta tashar Charleston, su kai fatun barewa su karɓo bindiga da tufafi da tukwanen ƙarfe da giya, da bashi. A 1730 mutum bakwai daga cikinsu sun je har Landan sun ga Sarki George na biyu. Agana ta shigo a 1738 ta kwashe kusan rabinsu. Da 'yan Amurka suka tayar wa Ingila don neman 'yanci, Cherokee sun bi bayan Ingila, kuma suna da dalilinsu tunda Sarkin Ingila ya yi shela a 1763 cewa baƙi kada su ƙetare tsaunuka su zauna a ƙasar 'yan asali. An ƙone musu garuruwa da yawa a 1776, Ingila ta sha kashi ta tattara ta tafi, aka bar su da maƙwabta masu jin yunwar ƙasa.

Duk abin da aka ce su yi sun yi

Nan ne amsar "laifin me suka yi" take, kuma nan nake so ka natsu. Gwamnatin George Washington ta ce musu in kun waye, kun bar farauta, kun kama garma da saƙa da karatu, za a bar ku a ƙasarku. Suka ce to. Suka karɓi makarantun mishan, suka noma auduga, suka kafa 'yan doka masu sintiri a kan doki, a 1814 ma mayaƙansu ne suka taimaka wa Janar Andrew Jackson ya ci yaƙin Horseshoe Bend da wani ɓangare na ƙabilar Creek, su ma 'yan asali ne. Ka riƙe sunan Jackson ɗin nan.

Sai ga Sequoyah. Maƙerin azurfa ne, bai iya karanta Turanci ba ko kaɗan, amma ya lura Turawa na aika magana a takarda, ya ce wannan ba tsafi ba ne dabara ce kuma harshenmu ma zai ɗauka. Ya fara da yi wa kowace kalma alamarta, ya ga abin ba shi da iyaka, sai ya koma yana sauraron yadda kalmomi ke kakkaryewa zuwa gaɓoɓi, wato irin ba, be, bi, bo, bu ɗin nan, ya ba kowace gaɓa alama guda. Kusan shekara 12 yana fama, mutane na cewa ya zautu wasu na cewa maita ce. A 1821 ya gama, kuma ƙaramar 'yarsa Ayoka ce ta fitar da shi kunya: a raba su, a faɗa masa magana ya rubuta, a kai wa yarinyar ta karanto tiryan-tiryan. Alamomi 85 ake amfani da su. Wasu sun yi kama da baƙaƙen boko don ya gan su a littattafai ya ara, amma sautinsu daban, mai kama da D ana karanta shi "a", mai kama da W kuma "la". Daɗin tsarin shi ne in dai kana jin harshen, da ka haddace alamomin ka iya karatu, cikin 'yan makonni mutum ke fara rubuta wasiƙa, shi ya sa masana da yawa ke ganin cikin 'yan shekaru masu karatu a cikinsu sun fi na Turawan da ke kewaye da su yawa. Majalisarsu ta karɓi rubutun a hukumance a 1825, a 1827 suka rubuta kundin tsarin mulki mai shugaba da majalisa da kotun ƙoli a babban birninsu New Echota, a Fabrairun 1828 jaridarsu Cherokee Phoenix ta fara fitowa da harsuna biyu, Elias Boudinot ne edita. Nakan buga wa ɗalibai shafin farko na jaridar nan in raba musu, ganinsa kaɗai ya fi awa guda na surutuna aiki.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Cikin wayewar da suka koya har da bautar da baƙar fata. Manyan attajiransu irin gidan Vann da Ridge da Ross suna da gonaki da bayi, ƙidayar 1835 ta nuna bayi kusan 1,600 a hannunsu, kuma da aka kore su da bayin aka tafi, su ma sun sha tafiyar sun mutu a hanya. Yawancin Cherokee talakawa ne marasa bawa ko ɗaya, amma wanda aka zalunta shi ma ya zalunci wani, ba na tsallake wannan a aji.

To me ya sa aka kore su? Ƙasa ce kawai. Tun 1802 gwamnatin tarayya ta yi wa jihar Jojiya alƙawarin za ta kawar mata da 'yan asali daga cikin iyakarta. Injin gurzar auduga ya sa kowace gona a kudu ta zama kuɗi. Sai aka ga zinari a Dahlonega wajen 1829, mahaƙa suka yi ta kwarara. Jackson kuma ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1828. Ni a ganina wayewar tasu ma ita ta ƙara tsorata Jojiya, don mafarauci yana iya tashi amma mai kundin tsarin mulki da jarida da lauyoyi ya nuna ba inda za shi. Sai jihar ta yi dokoki: dokokin Cherokee sun zama banza, ɗan Cherokee ba zai ba da shaida a kan Bature a kotu ba, ba zai haƙi zinari a ƙasarsa ba, sannan aka yanka ƙasar fuloti-fuloti aka raba wa Turawa ta hanyar ƙuri'a. Shugabansu John Ross kansa ya dawo daga tafiya ya tarar wani ya ci gidansa a ƙuri'a. A 1830 majalisar Amurka ta yi dokar kwashe 'yan asali zuwa yammacin kogin Mississippi, da ƙyar ta wuce a majalisar wakilai, 102 da 97, kaga ko a lokacin akwai Turawa da yawa da suka san abin zalunci ne.

Ba su ɗauki makami ba, kotu suka je. A 1831 kotun ƙolin Amurka ta ce ba ta da hurumin sauraronsu a matsayin ƙasar waje. A 1832, a shari'ar wani ɗan mishan Samuel Worcester da Jojiya ta ɗaure shekara huɗu don yana zaune a cikinsu ba da izinin jiha ba, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yanke cewa Cherokee al'umma ce mai ƙasarta kuma dokar Jojiya ba ta da iko a ciki. Sun ci shari'a kenan. Jojiya ta yi kunnen uwar shegu, Jackson ya naɗe hannu. Za ka ga ana yawo da wata magana wai ya ce Marshall ya yanke hukunci sai ya zartar da abinsa, babu hujja mai ƙarfi cewa ya faɗi hakan da bakinsa, amma dai abin da ya aikata kenan.

Ross da Ridge

Daga nan gida ya rabu biyu, kuma wannan ne wurin da na fi so ɗalibai su yi gardama. Yaƙi ba zai yiwu ba, mutum wajen dubu goma sha shida ne a gaban ƙasa mai miliyoyi. Saura hanya biyu. Ross da mafi yawan jama'a suka ce mu zauna, mu ci gaba da kai kuka Washington, Jackson ba zai dawwama ba. Wani babba a cikinsu Major Ridge da ɗansa John Ridge da Boudinot suka ce an riga an gama, kotu ta ba mu gaskiya ba ta hana komai ba, gara mu karɓi kuɗi mu tafi da ƙafarmu kafin a kore mu da bindiga. A ƙarshen Disamba 1835, lokacin Ross ba ya nan, mutum wajen 20 suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota, suka sayar da ƙasar gaba ɗaya a kan dala miliyan 5, ba tare da izinin majalisarsu ba. Majalisar dattawan Amurka ta amince da yarjejeniyar a 1836 da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, a 1838 kuma Ross ya kai takardar ƙin yarda mai ɗauke da sunaye sama da 15,000, amma ba ta hana komai ba.

Waye mai gaskiya? Ni dai ina ganin Ridge ya karanci Turawa daidai, kuma mutanensa da suka tafi da wuri sun isa da sauƙi, amma ba shi da hakkin sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba, kuma sa hannunsa ne ya ba gwamnati mayafin doka da take nema. Ya kuma san hukuncin, tunda akwai dokar kisa a kan mai sayar da ƙasar al'umma, shi da kansa yana cikin waɗanda suka kashe wani shugaba Doublehead a 1807 a kan wannan laifin.

A Mayun 1838, zamanin Shugaba Van Buren, Janar Winfield Scott ya shigo da sojoji wajen 7,000, ana bi gida-gida ana fito da mutane da bakin bindiga, wasu a tsakiyar cin abinci, ana tara su a sansanonin da aka kewaye da shinge. Yawancin mutuwar ma a nan ta fara, zafi da ƙazantaccen ruwa, atini da ƙyanda da tarin shiƙa suka yi ta ɗibar yara da tsofaffi. Ross ya roƙa a bar su su shirya tafiyar da kansu, aka kasa su ayari 13, kowanne kimanin mutum dubu, tafiyar da ta haura kilomita 1,300 mafi yawa a ƙafa, kuma sanyin hunturu ya riske su a hanya, wasu ayarin suka maƙale makonni a kudancin Illinois saboda ƙanƙara ta hana ƙetare kogi. Matar Ross, Quatie, a kusa da Little Rock ta rasu. Wannan ita ake kira Tafarkin Hawaye. Kimanin mutum 16,000 aka kwashe, kuma adadin mamata da aka fi ambata shi ne 4,000, ƙiyasi ne na wani likitan mishan Elizur Butler da ya bi su, masana na saɓani wasu su rage wasu su kai shi har 8,000 in an haɗa da waɗanda suka mutu bayan isa. Ba su kaɗai aka yi wa haka ba, Choctaw da Creek da Chickasaw da Seminole duk an kwashe su. Ranar 22 ga Yuni 1839, a sabuwar ƙasa, inda yanzu ake kira Oklahoma, aka kashe Major Ridge da John Ridge da Boudinot rana ɗaya a wurare daban-daban.

Sun sake gini a Tahlequah, da makarantu da jarida, har da babbar makarantar 'yan mata a 1851. Yaƙin basasar Amurka ya sake raba su, ƙanin Boudinot mai suna Stand Watie ya zama janar a ɓangaren jihohin Kudu da suka ɓalle kuma shi ne janar na ƙarshe da ya ajiye makami a 1865. Bayan nan aka zo da dabarar yanka ƙasar al'umma a ba kowa fulotinsa "ragowar" kuma ta tafi hannun baƙi, aka kafa jihar Oklahoma a 1907, gwamnatinsu ta zama suna kawai, shugaban Amurka ke naɗa musu shugaba har zuwa 1971 da suka sake yin zaɓe. Makarantun kwana da ake dukan yaro in ya yi yarensa su suka yi wa harshen illar da ta fi kowacce.

Yau ina suke?

Ƙungiya uku gwamnatin Amurka ta amince da su. Cherokee Nation a Oklahoma ita ce babba, 'yan ƙasarta sun haura 450,000, kuma ita ce Wilma Mankiller ta shugabanta daga 1985 zuwa 1995, mace ta farko a kujerar. Akwai United Keetoowah Band su ma a Tahlequah. Sai Eastern Band a Carolina ta Arewa, jikokin waɗanda suka tsira daga korar, wasu sun ɓuya a tsaunuka wasu kuma wani Bature William Holland Thomas da suka ɗauka kamar ɗansu ya saya musu ƙasa da sunansa. Gidajen caca na cikin manyan hanyoyin kuɗin shigarsu, da shi ake gina asibiti da makaranta, ko ka so hanyar ko ka ƙi ta.

Zama ɗan Cherokee maganar rajista ce, sai ka nuna kakanka na cikin tsohon kundin sunaye, gwajin jini na asibiti ba ya ba ka, shi ya sa suka yi wa Sanata Elizabeth Warren raddi a 2018 da ta fito da nata gwajin don ta nuna tana da jinin 'yan asali. Jikokin bayinsu kuwa, yarjejeniyar 1866 ta ba su hakkin zama 'yan ƙasa, a 2007 aka kaɗa ƙuri'ar fitar da su, kotun tarayya ta mayar musu da hakkinsu a 2017, a 2021 kotun ƙolin Cherokee ta goge sharaɗin jini daga kundinsu.

Inda abin ke da ban tsoro shi ne harshe. Cikin dubban ɗaruruwan nan, masu jin yaren sosai ba su wuce 2,000 ba kuma yawancinsu tsofaffi ne, a 2019 ƙungiyoyin uku suka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Suna da makarantun da yaro ba ya jin komai sai Cherokee, allunan titi a Tahlequah da rubutun Sequoyah ne, kuma tun 2010 ana iya buga rubutun a iPhone. Sannan akwai wani bashi da suke bi: yarjejeniyar New Echota ɗin nan da aka kore su da ita, a cikinta akwai alƙawarin kujerar wakili a majalisar wakilan Amurka. A 2019 suka naɗa Kimberly Teehee ta je ta zauna a kai, wani kwamitin majalisar ya saurari maganar a 2022, amma ba a ba ta kujerar ba.